Jakar da Ruwa Bai Sani Ba

Ran Talata hadari ya haɗo daga bayan dutsen Tingilin,
ni kuwa ina tsakiyar hanyar Pitowa bisa keke,
littattafan yara arba'in da biyu goye a bayana
cikin tsohuwar jakar da na gada wurin wana.
Kafin in kai rumfar mai facin taya
sama ta kwance bakin salkarta.

A gida na zazzage su kan tabarma.
Jan biro ya shiga shuɗi, shuɗi ya shiga ja,
mai maki goma sha takwas da mai maki uku
duk sun zama 'yan uwa, launi ɗaya.
Didja ta shanya su a igiya kamar kifin Binuwai,
ta ce, "Malam, jarrabawa ce wannan ko banda?"

Shi ya sa Asabar ta same ni a babbar kasuwar Garwa,
rumfar Sali Bobbo, inda jakunkuna
ke reto kamar jemagu a reshen ɗurumi.

Ya sauko da wata ja mai aljihu goma sha ɗaya.
Na ce, kowane aljihu ƙofa ne,
ruwa kuwa baƙo ne da ba ya sallama.
Ya sauko da wata baƙa mai zik mai ƙyalli.
Na ja sau ɗaya, na ja sau biyu,
a na uku ya cije kamar jaki a bakin gada.

"Wallahi ruwa ba ya shiga," in ji Sali.
Na ce, to madalla, ara mini butarka,
sa wayarka ciki, ni in zuba.
Ya dubi jaka, ya dubi waya,
ya sosa ƙeya, ya yi dariya,
ya shige can ƙurya inda ƙura ta kwanta.

Abin da ya fito da shi ba ta da kyan gani.
Fatarta irin tamfol ɗin motar auduga,
ba zik, ba ado, ba sunan kowa,
ciki ɗaya, zurfi kamar rijiyar unguwarmu.
Bakinta naɗewa ake yi sau uku, kamar tabarma,
a ɗaure.
Bai jira na roƙa ba,
ya jefa wayarsa ciki, ya miƙo mini buta.

Na tsiyaye ta kaf.
Ruwa ya gangara yana neman hanya, ya rasa.
Sai ga waya tana kuka daga ciki,
matarsa ce, tana tambayar cefane.

Na goya ta, na sunkuya kamar mai hawan tudu.
Ba ta dokin ƙeya, igiya ba ta yankan kafaɗa.
Na auna da ido: littafi arba'in da biyu,
kwanon abinci, famfo, takalman aji,
har da wurin mangwaro idan lokacinsa ya yi.

"Jaka goma sha biyu."
Na ce, Sali, jaka goma sha biyu a kan jaka ɗaya?
Ya ce albarka. Na juya. Ya kira ni.
Muka tsaya a tara, kowa na cewa an cuce shi.

Kwana takwas sama ba ta ce komai ba.
Ina tafe ina leƙen gabas kamar manomi.

A na tara ta sauko, da iska, da tsawa.
Ban laɓe ba. Na taka, ina murmushi.
Na iso gida riga manne da ƙashi,
hula na ɗiga, haƙora na kaɗawa,
na kwance jaka: kowane shafi a bushe ƙarau.

Didja ta dube ni daga sama har ƙasa.
"Takardu sun tsira," ta ce. "Kai fa, a wace igiya?"

Da safe na raba littattafai.
Ɗan Hamajoda ya buɗe nasa,
ya tarar da ukunsa zaune daram da jan biro.
Ya ɗaga kai ya harari jakar da ke rataye a ƙusa.